Ana Muzuru, Ana Shaho: Kajin Gida a Ƙasar Dutse

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dutse ranar Litinin da sassafe zai yi ta gamuwa da kaji tun kafin ya hango duwatsun garin. Da an haye gadar Wudil an wuce Gaya, sai masu babura su fara ɓullowa daga hanyoyin ƙauyuka, kowa da kwando ɗaure a baya, kawunan zakaru na leƙowa ta tsakanin saƙar. Wasu ma ba kwandon, an ɗaure ƙafafun kajin ne an rataye su a hannun babur. Duk Shuwarin suka nufa, don ran nan kasuwarta ke ci. Lokacin da muka bi hanyar, kaka ta kusa ƙarewa: an daɗe da girbe gero, ana yankan dawa, iska ta fara bushewa.

Ni da ƙanena ne a motar. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana aure a Dutse tun kafin garin ya zama babban birnin jiha a 1991, kuma kaf danginmu ba a yi macen da kiwon kaji ya karɓa kamarta ba. Ni kuma ina da 'yan kajina a bayan ɗaki a Kano, abin da ke damuna shi ne kaza ta fito da 'yan tsaki goma sha, kafin wata ya zagayo sai in ga biyu ko uku ke bin ta. Zumunci ne ya kai ni, amma tun a waya na gaya mata har da neman sani.

Mun tsaya a Shuwarin, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Kiyawa, 'yar tafiya kaɗan kafin a shiga Dutse. An fi sanin kasuwar da hatsi da dabbobi, amma 'yan kaji ma da gefensu, kuma nan na fi daɗewa. Dillali kan karɓi kaza ya jinjina ta a hannu, ya hura gashin ƙirjinta ya ga tsoka, ya buɗe bakinta, ya ɗaga fiffike, sannan ya taya. Maza da yara ne ke riƙe da kajin, amma in ka saurara za ka ji yawancinsu 'yan aike ne. Wani yaro ya ƙi sallama zakaransa, ya ce innarsa ta faɗa masa kuɗin da za a sayar, in bai kai ba ya dawo mata da abinta. Kaza ai asusun macen karkara ce. Da ita ake sayen maganin yaro in zazzaɓi ya tashi cikin dare, da ita ake fita kunyar biki da suna, ita ake yanka wa baƙon da ba a yi zato ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙiyasi a 'yan shekarun baya cewa kajin Nijeriya sun kai miliyan 180, kuma kimanin miliyan 80 daga cikinsu irin waɗannan ne, na sake, masu kiwon kansu a tsakar gida da juji. Kazar gida kan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci kwana 21, galibi kuma ta ƙyanƙyashe mafi yawansu. Ba a wajen ƙyanƙyasa asarar take ba, a makonnin da ke biye take. Duk kazar da na gani a kwando ran nan, 'yan'uwanta da yawa sun tafi tun suna tsaki.

Dutse gari biyu ne a haɗe. Akwai sabon, na manyan tituna da sakatariya da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da rukunin gidaje irin su Takur da Ɗanmasara. Akwai kuma tsohon, wajen Garu inda fadar Sarki take, da unguwannin da suka jingina da duwatsu, ga itatuwan dabino nan da can. Titi da fitilu ba su taɓa duwatsun ba. Koguna da tsagogi na nan yadda suke, kuma abin da ke kwana a ciki da rana shi ke saukowa gari da dare. Gidan goggo a gindin irin waɗannan duwatsu yake, har ma katangar baya ta kusa haɗuwa da wani ƙaton dutse.

Da la'asar sakaliya ta ɗebo tsaba a ƙwarya ta nufi akurki tana kiran kajin. Ba ta watsa musu a tsakar gida ba, sai a bakin akurkin. Ta ce da gangan take yi: kazar da ta saba samun abincin yamma a ƙofar ɗakinta ba ta kwana a kan katanga ko a reshen darbejiya. Suna ci tana ƙirga su da yatsa. Akurkin na laka ne, mai zagaye, tsayinsa ya kai ƙuguna. An jera duwatsu a gindinsa an yaɓe, saboda gafiya. A sama akwai 'yan ƙofofin iska, an toshe kowace da guntun ragar waya an dafe gefen da laka. Cikinsa yashi ne da toka, maganin ƙuma. Kafin ta bar ko ɗaya ta shiga, ta durƙusa ta haska ciki da fitilar wayarta, lungu-lungu, har da ƙarƙashin kaskon da wata ke kwanci a kai.

"Maciji da rana yake shiga ya lafe," in ji ta. "In ba ki duba ba, ke da kanki za ki rufe su tare."

Sannan ta jawo wani falalen dutse mai nauyi ta toshe ƙofar, ta tokare shi da turmi.

Bayan sallar isha muka zauna a tabarma, a nan na sami abin da ya fi komai amfani a tafiyar. Na ba ta labarin asarar da nake yi, sai ta tambaye ni me ke ɗauke su. Na ce wasu na cewa muzuru ne, wasu na cewa ɓera.

"Haba 'yar nan. In kin tashi da safe kin ga ɓarna, kada ki yi saurin kai tsintsiya. Tsaya ki duba tukuna. Kowannensu da irin aikinsa."

Muzuru, a cewarta, ta kan katanga yake zuwa, ɗaya yake ɗauka ya ja ta kango ko saman soro, da safe a tarar da gashi da ƙafafu a can. Tunku da bodari su ne take tsoro, don ramin da za ki raina shi suke kutsawa, kuma ba ɗaya suke kashewa ba. A wuya ko a ka suke cizo, su kashe huɗu ko biyar su ci kaɗan su bar saura a zube, shi ya sa mutane ke cewa jini kawai suke sha. In bodari ne, warin da ya bari ya isa shaida. Kazar da ke kwanci kuwa in aka tarar ta mutu a kan ƙwanta ba rauni a fili, zankonta ya yi baƙi, ƙwai ya ragu kuma ba ɓawo a ƙasa, to kumurci ne, shi da ke haɗiye ƙwai ɗungurungum. Ɓera da gafiya su kan bar ɓawo a farfashe, ko ɗan tsako an gaigaye masa ƙafa. Ƙwan da kaza ta saka a fili aka tarar an huda shi an shanye, hankaka ne. Da damina kuma ga kwarkwasa, wadda kan lulluɓe 'yan tsakin kwana ɗaya kafin gari ya waye, shi ya sa take zagaye akurki da toka in ruwa ya sauka.

"In kuwa kin ga ba gashi, ba jini, ba sawu, an kuma mayar da dutsen ƙofa daidai yadda kika bar shi, wannan aikin mutum ne, kuma ya san gidan."

Na daɗe ina juya maganar. Wannan karatu ne sosai, na wadda ta shekara da shekaru tana lura, kuma a kansa komai ya rataya, domin abin da zai hana muzuru ba zai hana tunku ba, abin da zai hana tunku ba ruwansa da shirwa. Wanda bai san mai yi masa ɓarna ba, sai ya kashe kuɗi ya ƙara wa katanga tsawo alhali ta ƙasa ake shigo masa.

Washegari da hantsi na ga na sama da idona. Ina zaune ina tsince shinkafa, wata kaza da 'yan tsakinta da suka ɗan tasa suna tono kusa da madafa, sai zakaran gidan ya karkata kai ya dubi sama da ido ɗaya, ya yi wani kuka mai tsawo, ƙasa-ƙasa, wanda ba cara ba. Kafin in ɗaga kai tsakar gidan ta zama wayam. 'Yan tsakin sun shige ƙarƙashin wata 'yar rumfar kara, uwar ta tsaya a baki ta baje fukafukai, gashin wuyanta ya tashi. Inuwa ta gifta a ƙasa, shirwa ta sauko har na ga jelarta mai baki biyu da ƙafafunta a miƙe, ta shafi ƙasa ta tashi ba komai a faratanta. Yara suka bi ta da ihu.

Rumfar nan ban kula da ita ba sai a lokacin. Gwafanni ne gajeru guda huɗu, ba su kai gwiwa ba, an shimfiɗa karan dawa a kai. Akwai irinta a wurare uku cikin gidan, an rarraba su yadda duk inda ɗan tsako yake, gudu kaɗan zai kai shi mafaka. Goggo ta ce shirwa da sauƙi, don tana shawagi ana ganinta, kuma ƙananan tsaki ne abincinta. Shaho ne mugun, shi da ke laɓewa cikin ganyen bishiya ya fito ƙasa-ƙasa ta bayan ɗaki, babbansa har budurwar kaza yana kayarwa. Ta ce lokaci ma na da nasa. Da damina shuka ta yi tsawo, tsaki na samun wurin ɓuya daga na sama, amma a cikin shukar nan ne tunku da maciji ke isowa har bakin danga. Da an yi girbi fili ya buɗe, na ƙasa su ja baya, na sama su sami sarari.

Sababbin ƙyanƙyasa kuwa ba ta sakin su ko kaɗan. Wani babban kwando ne mai faɗin baki take kifawa a kan uwar da 'ya'yanta, ta ɗora dutse a kai, da safe a kai shi hantsi, rana ta yi zafi a jawo shi inuwa, har sai sun yi kamar mako shida gashinsu ya fito sun iya gudu. Wahalar ita ce wanda ya kulle kaza dole ya ciyar da ita, kuma nan ne yawancin mata ke sarewa. Goggo na ba su tsakin gero da dusa, ruwa a ɗan kasko da ta zuba tsakuwa a ciki kada wani ya faɗa ya nutse. Ga kuma gara. Ta kai ni bayan gida ta nuna mini wata tsohuwar tukunya da ta cika da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa ta kife a kan hanyar gara. Da ta ɗaga, ciki ya cika da su fari fat, ta kakkaɓe a ƙarƙashin kwandon, 'yan tsakin suka yi caa a kai. Ba ta kashe ko sisi ba. A maƙwabta na ga tsaki an rina su da galura, wasu ja wasu kore. Masu yi na cewa launin na rikita shirwa. Goggo ba ta musa ba, ta ce dai yana yi na 'yan kwanaki kafin tsuntsuwar ta gane, ita kam kwando ta riƙe.

Daga Dutse muka yi arewa, muka bi ta Kiyawa muka ɗauki hanyar Jahun, wajen wani yayan mijin goggo da ke zaune a ƙauye. Ba a jima ba duwatsu suka ƙare, ƙasa ta koma jigayi, yashi mai laushi, ga kuka da gawo da aduwa, ga riɗi an jingina shi dami-dami yana bushewa, mata da yara na ɓarar zoɓo a bakin gonaki. Gidan dattijon shi ne na ƙarshe a ƙauyen, bayansa sai gona, kuma ba katanga, dangar kara ce. Bayan mun gaisa an kawo fura, na ce, "Baba, goggo ta ce in zo ka nuna mini yadda kake yi da dila."

Ya zagaya da mu bayan dangar ya nuna wani rami da aka cike. Nan ne, in ji shi, aka tona aka shiga bara. A ƙasar yashi tono ba wuya, dila ko yanyawa ko karen da ba shi da mai shi, cikin ɗan lokaci sun yi hanya. Abin da ya yi shi ne ya haƙa ɗan kwari a bin gindin dangar ta waje, ya cusa ƙayar magarya da ta aduwa ya mayar da yashi, ya kuma shimfiɗa wata a sama. Kajin da kansu ba a ƙasa suke kwana ba. Ya kafa dirkoki huɗu da suka kai ƙirjin mutum, ya ɗora ɗakin kara da laka a kai, ya naɗe kowace dirka da fallen kwano mai santsi yadda mai hawa ba zai sami wurin kafa farce ba. Wani ɗan tsani ne kajin ke bi su hau, da magariba a janye shi. A kan tsamiyar ƙofar gida kuma zabinsa ke kwana. Ƙwansu a ƙarƙashin kaza yake sa shi, ya yi kusan kwana 28, su taso suna bin ta, shi ya sa ba su guje wa gida. Ya ce ko ba don kuɗinsu ba zai riƙe su, domin ba abin da ke giftawa, dare ko rana, zabi su yi shiru. In sun ɗauka kare ya karɓa, shi kuma ya fito da fitila.

Ƙanena, wanda ba ya rabuwa da intanet, ya ce ai Amurkawa ma wannan fama suke yi. Suna da wata dabba dangin dila da suke kira koyote, wadda asalinta filayen yammacin ƙasar ne amma yanzu ta bazu kusan ko'ina, har cikin manyan birane irin su Chicago da Los Angeles, tana cin kajin da mutane ke kiwo a bayan gida. Masu kiwon can sun gano cewa siririyar wayar kaji da aka saba da ita kaza kawai take tsarewa, mai haƙori na yaga ta. Sai suka koma raga mai kauri mai ƙananan idanu, kimanin rabin inci, su kuma shimfiɗa wata a ƙasa ta waje, faɗin kamu ɗaya ko fiye, su rufe da ƙasa. Dabbar in ta zo a gindin shinge take fara tono, ta ci karo da waya, ba ta kuma yin dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce to ai ƙayarsa ke nan, sai dai tasu ba ta ruɓewa. Dangantakar dila da koyote ma ta wuce kama: a 2015 masu binciken ƙwayoyin halitta suka nuna cewa dilan nan mai ruwan ƙasa na yankinmu ya fi kusa da koyote da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya da aka daɗe ana ɗauka jinsinsu ɗaya. Dattijon ya ce shi dai a ƙuruciyarsa har kukan kura ana ji daga nan, amma tun da daji ya zama gona ta tafi, dilan ma ya ragu. Yanzu karnuka da muzuran gari sun fi yi masa ɓarna.

Mun ƙarasa har wajen Miga, inda ƙasa ke gangarawa fadamar Kogin Haɗeja, shinkafa ta maye gurbin gero. Nan kuma guza ce abin kuka, ita da macizai. Ambaliyar 2022, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ba ta fita daga bakin mutane ba. Wata mata da muka sha ruwa a gidanta ta ce a shekarar katanga ta faɗi, akurki ya narke, kuma tudun da mutane suka gudu can macizai ma suka nufa. Tun daga lokacin ba ta yarda kaza ta yi kwanci a ƙasa. A tsohuwar tukunya take sa mata ƙwai, a ɗora kan wani abu mai tsayi cikin ɗaki. Ta nome ciyawar da ke kewaye da makwancin kajin tas, ta kuma raba shi da buhunan hatsi, don hatsi ke kiran ɓera, ɓera ya kira maciji.

A nan ne kuma na ji abin da ya tsaya mini a rai. Wani saurayi ya ce su maganin abin ɗaya suka sani: a cusa shinkafar ɓera ko fiya-fiya cikin mataccen ɗan tsako a jefar bayan gari, duk wanda ya ci ya mutu. Na fahimci zafin da ke kai mutum ga haka, wanda aka kashe wa kaji biyar a dare ɗaya ba ya jin lallashi. Amma guba ba ta zaɓe. Karen maƙwabci zai ci, kyanwar da ke tsare rumbu za ta ci, kajin da kansu na iya tsattsagar ragowar, yara kuma suna wasa a wurin. Sannan waɗannan da muke kira maƙiya, shaho da mujiya da tunku har da macijin, duk suna cin ɓera. In aka ƙarar da su, ɓarnar ta tashi daga akurki ta koma rumbu. A duk tafiyar nan ban ga ungulu ko ɗaya ba, ko a bakin mahauta, alhali muna yara ba a raba ta da kwata. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Farautarta don sayar wa masu tsibbu ne babban dalili a ƙasar nan, amma mushen da aka sa wa guba ma ya taimaka. Toshe rami ya fi arha, kuma ba ya kashe abin da ba a nufa ba.

Da muka koma Dutse, goggo ta sa aka kira mini wani malamin dabbobi da ke unguwarsu. Ya ji duk abin da na tattaro, ya ce daidai ne, amma kada in manta da babban. Shaho ɗaya yake ɗauka a yini, cutar da likitoci ke kira Newcastle kuwa in ta shiga unguwa, mako guda ya isa ta share akurki. Da hunturu ta fi tashi, kaza ta yi ta gyangyaɗi, kashinta ya koma kore, wuya ya murɗe. Sau da yawa daga kasuwa ake sayo ta, shi ya sa ya ce duk sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Akwai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, na yin wani iri da ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da an haɗa ta ba ta ajiyuwa, mai kaji goma ba za ta iya ita kaɗai ba sai matan unguwa sun haɗa kai an yi rana ɗaya. Kuma kazar da ke kwana a bishiya wa zai kamo ta a ɗiga mata? Ashe akurkin da ke tsare ta daga muzuru shi ne kuma ke sa a iya yi mata rigakafi.

Ya ƙara da wani abu da goggo ta gaskata. Mata da yawa yanzu na sayen tsakin Noiler, waɗanda ake kawowa daga Jihar Oyo, don saurin girmansu da yawan ƙwai. Kaji ne masu kyau, amma injin ne ya ƙyanƙyashe su, ba uwar da za ta koya musu gudu in inuwa ta gifta, ga nauyin jiki. Wadda ta sake su yadda take sakin kajin Hausa, shirwa da karnuka ta yi wa kiwo.

In aka yi wa mace irin wannan asara, abin da ake ce mata shi ne ta yi haƙuri, zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, kuma na yi imani da shi. Amma goggo ma ta yi imani da shi, ba ta kuma taɓa kwanciya ba ta tokare ƙofar akurki ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun mayar da mutuwar tsaki abin da ba a tambayar dalilinsa, alhali mafi yawanta a wuri biyu take faruwa, cikin dare da kuma makonnin farko, kuma duka biyun ana iya tare su da laka da kara da ƙaya da guntun raga. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta raba wa mata awaki don su yi jari, abin da ya nuna an san darajar ƙaramin kiwo a hannun mace. Kaza ta fi akuya yawa a gidaje, ta kuma fi saurin juyawa. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar, JARDA, na da malaman gona, amma namiji ba ya wuce zaure, kajin kuwa a cikin gida suke. Da za a sami mata malaman gona da za su riƙa shiga gida-gida da kwalbar rigakafi, su kuma ɗauki abin da irin su goggo suka sani su kai wa na gaba da su, da an ga bambanci a kwandunan Shuwarin cikin shekara ɗaya ko biyu.

Ranar da za mu taso, goggo ta sa ƙanena ya kai mu wajen wani mai walda a cikin gari, don ta ce gidana na siminti ne, akurkin laka ba zai zauna mini ba. Ita ta yi masa bayani da kanta. Ƙafafu su kai gwiwa. Ragar ta zama mai kauri, ta gwada da ɗan yatsanta ta ce in ya shige to ba ta yi ba. Ƙasan ma a sa raga, a yi rufin kwano mai ɗan baki saboda feshin ruwa, sakata biyu, ɗaya da wurin kwaɗo. Ya zana a takarda ya ba ni in kai wa na unguwarmu. Na roƙe ta budurwar kaza biyu daga cikin wasu jajaye da na ga uwarsu ta iya reno, har ƙanena ya ɗauko kwali.

"Ajiye kwalin nan, ɗan nan," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Ki je ki sa a ƙera, ki ware naki ki yi musu rigakafi. In kin gama ki kira ni, akwai direban da ke bin Kwanar Huguma kullum, zan ba shi ya kawo miki har Kano."